Maigida ya hana madarar gwangwani shiga gida, ga marainiya a hannuna

Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ƙanwata ce Allah ya yi wa rasuwa wajen haihuwa wata 3 kenan, ta bar 'ya mace aka bani riƙo, tun daga asibiti madarar gwangwani take sha don ni bana shayarwa, tsohon ciki ne ma da ni wata 8. To satin da ya wuce maigida ya ga wani bidiyo a waya akan kamfanin Nestlé, wai tallar madararsu ta yi sanadin mutuwar jarirai a ƙasashen talakawa har Turawa suka ƙaurace wa kayansu, shi ne ya shigo ransa a ɓace ya kwashe Maggi da Milo ya zubar, yace kayan kamfanin nan sun bar shiga gidansa, kuma madarar da yarinyar take sha ta kamfanin ce. Surukata tace dama ita bata yarda da madarar nan ba, a dama mata koko a haɗa da nonon shanu, su haka aka raine su. Wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba Anti, saboda tsada na ɗan jima ina rage cokali ina ƙara ruwa don gwangwani ya kai sati, yanzu kwana 2 kenan tana zawo kaɗan-kaɗan. Wlh ko bacci bana iya yi, gani nake ina cin amanar ƙanwata. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan 'yar uwarki ya kyauta makwancinta, ya raya abin da ta bari, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Zan fara da maganar da kika ajiye a ƙarshe don ita ce ba za ta jira ba. Rage cokalin nan ki daina shi daga daren yau, ba gobe ba. Na san ba mugunta ba ce, babu ce, kuma wlh mata da yawa suna yi sai dai ba sa faɗa, amma cikin jariri ɗan ƙarami ne, in kika cika shi da ruwa mai launin madara za ta yi shiru ki ɗauka ta ƙoshi alhali abincin da ya shiga jikinta bai kai ba, a hankali sai nauyi ya tsaya, daga nan tamowa ta kama hanya. Bayan wannan ma yawan ruwa yana tsinka gishirin da ke cikin jinin jariri, abin kan kai ga jijjiga. Sannan zawon nan, 'yar wata 3 da ba ta shan nono ba a yi mata "bari mu gani zuwa jibi". Da safe ki ɗauke ta zuwa asibiti ko shan-magani mafi kusa, a ɗora ta a sikeli, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar yadda kike haɗa madarar ko da za ta yi miki faɗa, su za su nuna miki yadda ake ba ta ruwan gishiri da sikari da maganin zinc daidai da watanninta. In kuwa kika ga maɗigarta ta faɗa, ko idonta ya zurma, ko ta ƙi karɓar madara, ko jiki ya yi zafi, ko ta yi laushi ba ta ko kukan kirki, ko an daɗe ba ta jiƙa nafkin ba, ko jini a kashi, to wannan ba a jiran gari ya waye. Kuma dan Allah kar a ce ciwon maɗiga ne a kwaɓa wani abu a shafa mata a ka, faɗawar maɗiga ruwan jikinta ne ya ƙare.

To sai maganar maigida. Abin da ya gani ba ƙarya ba ne, tarihi ne da yake a rubuce, ni ma raina yana ɓaci in na tuna shi. Tun 1939 wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, wadda ta yi aiki da yara masu tamowa a ƙasar Ghana ta yanzu tun ana kiranta Gold Coast, ta tsaya a Singapore ta ce yaudarar iyaye mata da tallar madarar gwangwani daidai yake da kisan kai. Ba a saurare ta sosai ba. Aka yi ta tafiya har shekarun 1960 da 1970, kamfanoni suka cika Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da talla a rediyo da allunan titi, ga hoton jariri ɓulɓul yana dariya, ga 'yan talla da ake sa wa fararen kaya irin na nas suna shiga ɗakin masu jego suna raba gwangwani kyauta. Kyautar nan ita ce tarkon. Nonon uwa tsotso ne yake kawo shi, in jariri ya samu kwanaki yana ƙoshi da fida ba ya kama mama sosai sai ruwan nonon ya ja baya, ranar da gwangwanin kyauta ya ƙare uwa ta duba ba nono ba kuɗi, dole a saya, in an saya a tsinka don ya daɗe, da ruwan rijiya ko na rafi, a cikin bulumbotin da ba a tafasa ba, ga bayanin jikin gwangwani da yaren da ba ta iya karantawa. Zawo da tamowa su haɗu su ɗauke yaro.

A 1974 wata ƙungiyar Ingila mai suna War on Want ta fitar da rahoto akan wannan, wasu 'yan gwagwarmaya a birnin Bern na Suwizalan suka fassara shi da Jamusanci da kanu mai zafi da ya ce Nestlé na kashe jarirai, kamfanin ya maka su a kotu. A 1976 kotu ta same su da laifin ɓata suna amma tarar da aka ci kowannensu faran 300 ce kacal a kuɗin Suwizalan, alƙalin kuma ya ce wa kamfanin lallai ya sauya salon tallarsa, kinga an ci shari'a an kuma sha kunya. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Yulin 1977, ƙungiyar INFACT ta ƙaddamar da ƙauracewa kayan Nestlé a Minneapolis ta Amurka, abin ya tsallaka wasu ƙasashe, Sanata Edward Kennedy ya zauna sauraron bahasi a majalisar dattawan Amurka a 1978, har dai a 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar tallar abincin da ke maye gurbin nonon uwa, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka ce kaɗai ta ce a'a. An janye ƙauracewar a 1984 da kamfanin ya ce zai bi ƙa'idar, aka dawo da ita a 1988 saboda zargin ana ci gaba da jibge madara kyauta a asibitoci, kuma har yau akwai masu yi, musamman a Ingila. Shi kamfanin yana cewa yana bin dokar kowace ƙasa, masu sa ido irin su IBFAN, ƙungiyar da ke bibiyar tallar abincin jarirai, suna cewa da sauran aiki, kuma ba shi kaɗai suke zargi ba, kusan duk manyan kamfanonin madarar jarirai sun sha shiga rahotanninsu.

Na kawo miki wannan dogon labarin ne don abu ɗaya, ki lura da abin da mutanen nan suka nema. Ba su taɓa cewa a rufe masana'antar madara ba, ba su ce a ƙwace gwangwani daga bakin maraya ba. Talla suka yaƙa, wato a daina ruɗar uwa mai nono lafiyayye ta koma sayen abin da ba ta buƙata kuma ba ta da halin haɗa shi cikin tsafta. Ita kanta ƙa'idar 1981 ba ta hana sayar da madara ba, abin da ta hana shi ne tallata ta ga jama'a, da raba samfur kyauta ga masu jego, da ba wa ma'aikatan lafiya kyaututtuka, da sa hoton da zai nuna kamar ta fi nono. Ɗauko gwangwanin da ke ɗakinki ki juya bayansa, za ki ga an rubuta cewa nonon uwa shi ne mafi alheri ga jariri, wannan layin ba don Allah kamfani ya rubuta shi ba, gwagwarmayar can ce ta tilasta. Su kuma masu ƙauracewar kayan bakinsu suka bari, a Ingila Nescafé suka fi sa wa ido, kofin manya, babu inda aka ce jaririn da ba shi da uwa ya yi azumi don a hukunta kamfani. Marainiyarki tana cikin yaran da aka yi madarar domin su tun asali. Hana ta madara don an ji haushin kamfani ai haushin kaza ne a huce kan dami.

Don haka in za ki yi masa magana kar ki fara da "ba ka da gaskiya", don yana da ita, kuma namijin da ransa ya ɓaci saboda jariran da bai taɓa gani ba ni ina ganin ba shi zai zama matsalarki ba. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce Abban yara na bi labarin nan kuma gaskiyarka ne, ni ma na yarda a bar Maggi da Milo da duk abin da mu manya muke ci, amma ka san abin da ya kashe yaran can tsinka madara ne da ruwa mara kyau, kuma wlh nima na fara tsinkawa saboda kuɗin ba sa isa. Eh, ki faɗa masa. Na san da nauyi amma shi ne mai cefane, in bai san gwangwani nawa yarinyar take buƙata da gaske ba zai ci gaba da lissafin gwangwani ɗaya a sati ke kuma ki ci gaba da cike giɓin da ruwa. In da hali ma ku je asibitin tare ya ji daga bakin likita, maza sun fi jin magana in ta fito daga mai farar riga, haka Allah ya yi su.

(Zubar da Maggi da Milon da aka riga aka biya kuɗinsu kuwa ban ga wanda ya ji a jikinsa ba sai aljihunsa, kuɗin sun riga sun isa inda za su, ya kamata ko almajirai ne a miƙa musu. Amma kar ki faɗa masa haka yanzu, ki bari sai an shirya.)

In ya kafe shi dai sunan kamfanin ne ba ya son gani a gidansa, wannan mai sauƙi ne, a sauya. Madarar jarirai ta matakin farko, wadda aka rubuta daga haihuwa zuwa wata 6, duk wadda ke da lambar NAFDAC ta gaske akwai ma'aunin sinadaran da dole ta cika, mai tsada da mai sauƙin kuɗi duk za su raini yaro, galibin bambancin farashin nan suna ne da kwalliyar gwangwani. Ki bari zawon ya tsaya tukuna, ki tambayi ma'aikaciyar lafiya, ki duba ranar lalacewa, kar ki sayi wadda aka buɗe ake aunawa a leda. Abin da ba zan yarda da shi ba ko kusa shi ne a ce an koma madarar shayi don ta fi araha, ko ta gari ko ta ruwa, wannan ba abincin jariri ba ce, da yawansu ma an cire man nonon an sa man tsirrai irin na ja a madadinsa. Sai dai ya sani in ya bar wannan kamfanin ya koma wancan ba lallai ya koma hannun waliyyai ba.

Hajiya kuma a bi ta a hankali, ba a musu da suruka akan reno, ta haifa ta raina ta aurar. Amma in kika zauna da ita kika tambaye ta da kyau za ki tarar yaran da aka raina da koko suna shan nonon uwarsu ne a gefe har yaye, kokon ƙari ne, kuma in aka ƙirga marayun zamanin da da aka ɗora a kan nonon shanu tsantsa tun suna jajaye, tsofaffi da kansu sun san nawa ne suka tashi. Nonon shanu ya yi wa ƙodar ɗan wata 3 nauyi, sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini kuma ya yi kaɗan a cikinsa, koko kuwa gasara ce da ruwa, cika ciki kawai. Abin da za ki iya yi mata alkawari, kuma gaskiya ne, shi ne saura wata 3. Da yarinya ta cika wata 6 za a fara ba ta kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai, da ɗan kifi da ganye, kuma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce yaron da ba ya shan nono daga wata 6 zuwa 11 ana iya ba shi madarar dabba mai cikakken mai, a tafasa ta, tare da abinci. Kinga lokacin nonon shanun Hajiya yana zuwa, ki ce mata ita za ta dama kunun farko. Wannan kuma yana nufin ba dole ba ne ku bi layin gwangwani mai lamba 2 da mai lamba 3, tun 1986 taron lafiya na duniya ya ce madarar "ci-gaba" ɗin nan ba lalura ba ce, masu suka ma gani suke an ƙirƙiro ta ne don a samu ƙofar talla tunda an rufe ta farko.

Kafin nan ga yadda za ki riƙa haɗawa, don a nan rai yake. Garin madarar nan ko sabon buɗewa ne ba a tabbatar babu ƙwayar cuta a cikinsa ba, a Amurka ma da duk tsaftarsu an janye madara daga kasuwa a 2022 aka rufe wata masana'anta a jihar Michigan saboda fargabar wata ƙwayar cuta, har madara ta yi ƙaranci a ƙasar. Shi yasa ake so ruwan ya tafasa sosai, ko na leda ne ko na gora ki tafasa shi, ki bar shi ya ɗan huce amma kar ya wuce minti 30 don ana so zafinsa ya kai digiri 70 lokacin da zai haɗu da garin. Ruwa ake fara zubawa zuwa layin awo sannan gari, cokalin da ya zo a cikin gwangwanin, a shafe bakinsa ba tozo ba rami, yawancinsu cokali ɗaya ne ga ruwa mil 30 amma ki bi abin da aka rubuta a naki. Ki girgiza, ki tsoma gindin a ruwan sanyi ya huce, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Abin da ta rage ki zubar, wanda aka haɗa ya kai awa 2 a ajiye shi ma ya tashi daga aiki, balle da zafin garin nan da rashin wuta, na san zubar da madara mai tsada akwai ciwo shi yasa gara ki riƙa haɗa kaɗan-kaɗan. Da dare ki cika fulas mai kyau da tafasasshen ruwa ki ajiye kusa. Ni da za ki ji tawa ma da kin koya mata sha da ƙaramin kofi, ki zaunar da ita a cinya ki kai kofin leɓenta ta riƙa zuƙa da kanta ba ɗura ba, don kan fidan nan da lungunan marfinsa in kika buɗe kika shinshina bayan wanki za ki ji ƙarnin tsohuwar madara, a nan zawo yake kwana. In fidan za ki ci gaba da shi to wanki da sabulu da burushi sannan tafasawa, kullum.

Akwai wata ƙofa da ban ji kin ambata ba, kuma tana jikinki. Nan da 'yan makonni in sha Allah za ki haihu, nono zai zo, kuma mace ɗaya tana iya shayar da yara biyu, masu tagwaye ai suna yi, yawan tsotso shi ke ƙara yawan nono. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Manzon Allah SAW Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi, Alƙur'ani ma a Suratu Ɗalaƙ ya ambaci wata ta shayar in uwa bata samu yi ba. Sharaɗi dai a tabbatar gwaje-gwajen awonki lafiya lau ne, jaririnki shi zai fara samun dakashi kuma shi ne a gaba a kwanakin farko, ke kuma a ciyar da ke sosai. Tana iya ƙin kama mama tunda ta saba da roba, sai ki tatsa a kofi mai tsafta ki ba ta, ko rabin abincinta ne ya koma nono kin rage kuɗin gwangwani kin kuma ba ta garkuwar da babu kamfanin da yake iya zubawa a gwangwani. Amma a yi shi da sanin kowa, maigida da mahaifin yarinyar da dangi, don shayarwa tana haramta abin da haihuwa take haramtawa, za ta zama 'yar uwar duk 'ya'yanki, babu maganar auren zumunci tsakaninsu nan gaba, a mazhabarmu ta Malikiyya ma ba sai an sha sau da yawa ba. Wani gidan wannan zai tsaya musu a rai, ni kuwa alheri na gani, yarinyar da za ta tashi a gidanku ta zama maigida ubanta ne 'yan mazan gidan yayyenta ne na haƙiƙa, ba ɗari-ɗari in ta girma. Ku tambayi malami, a kuma rubuta a ajiye saboda mantuwa.

In maigida yana neman inda zai yi yaƙin nan da gaske, to ga shi nan tafe a ɗakin haihuwarki. Talla bata mutu ba, kaya ta sauya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da bincike a ƙasashe 8 har da Najeriya, sun tambayi iyaye da masu ciki 8,500, fiye da rabi suka ce tallar madara ta iso gare su, a harkar da kuɗinta ya kai dala biliyan 55 a shekara, yanzu ta waya take biyo mutum da ta bakin wasu ma'aikatan lafiya. A 2024 kuma ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan tare da IBFAN suka ce sun samu ƙarin sikari a abincin yara na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi alhali irinsa na wasu ƙasashen Turai babu. Najeriya tana da doka akan tallar nan tun 1990 kuma NAFDAC ce mai tsaron ta, amma duk da haka ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 suke shan nono zalla. Kuma in za mu faɗi gaskiya a Arewa ba gwangwani ne kaɗai mai laifi ba, mu ma da namu, a matse dakashi a zubar wai dauɗa ne, a ɗura wa ɗan kwana ɗaya ruwa wai zafin gari, a bi da dauri da jiƙe-jiƙe. To ranar da kika haihu in wani ya miƙo gwangwani kyauta ko ya ce "ai nononki bai zo ba a haɗa masa madara kafin nan" ba tare da wani dalilin likita ba, nan ne wurin da maigida zai tsaya ya ce mun gode, a sa yaro a mama cikin awar farko, a bar shi ya yi ta tsotso, kwana biyu-ukun farko dama ɗan dakashin nan kaɗan ne kuma ya ishe shi. In ya ga ana raba samfur ko an manna talla a bangon ɗakin awo ya kai ƙara NAFDAC. Gwangwanin marainiya kuma yana nan a ɗaki, kar ganinsa kusa ya sa a riƙa ɗan haɗa wa sabon jariri in ya yi kukan dare, ta haka ake fara rasa nono.

Ra'ayina akan ita ƙauracewar kanta, ta 1977 ta yi tasiri ne don mutane sun haɗu, da coci-coci da ɗalibai da likitoci, suna da buƙata ɗaya a rubuce, suka kuma bi ta har zauren Hukumar Lafiya ta Duniya. Gida ɗaya ya bar dunƙule ba zai girgiza kamfanin da yake kusan kowace ƙasa ba, amma haƙƙinsa ne ya zaɓi inda kuɗinsa za su, kuma ba laifi ba ne, ki bi shi a wannan, daddawa tana nan, miyar kuka ma ta fi daɗi da ita.

Saura kuɗi, wanda shi ne ya jawo rage cokalin tun farko. Jaririn da madara kaɗai yake sha yana cin kusan kilo 20 na gari a wata 6 na farko, wato a watanninta gwangwani mai giram 400 kwana 3 zuwa 4 yake yi in ana haɗawa daidai, ba sati ba. Wannan ba nauyin da za ki ɗauka ke kaɗai a ɓoye ba ne. Ina mahaifinta? Ciyar da ita a wuyansa yake a shari'a ko tana hannun wa, in shi ba shi da hali akwai kakanni da baffanni da kawunnai da suka zo zaman makoki suka ce "in da wani abu a faɗa mana". To ga abun ya zo. Ki lissafa gwangwani nawa ake buƙata daga yau zuwa ta cika wata 6, kusan 25 zuwa 30 ne, ki ba maigida ko babban yayanku lissafin a takarda ya kira su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ɗauki biyu wancan ya ɗauki uku, wanda zai bayar ya kawo gwangwanin da kansa ko ya biya a kanti kai tsaye don kar kuɗin su narke a cefane. Ki kuma tambaya a asibitin in akwai wani tallafi da ake ba jariran da suka rasa uwa, in nauyinta ya yi ƙasa su za su faɗa miki inda za a tura ku.

Ki rubuto min bayan an auna ta, ina son jin kilo nawa ta yi da abin da suka ce akan zawon.